Gwauruwar da ta rera iyakar gona

Akwai wata gwauruwa a ƙasar Ulukwumi, can kudu a jihar Delta. Mutanen Ulukwumi ba su da yawa, 'yan garuruwa ne kawai, kewaye da maƙwabta masu wani yare dabam. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya maza biyu da gonar doya a bakin rafi, wadda ya gada kaka da kakanni.

'Ya'yan sun yi karatu, bakinsu ya koma Turanci da yaren maƙwabta. In ta yi musu magana da Ulukwumi a gaban baƙi, sai su sunkuyar da kai, su ce yaren tsofaffi ne, ba ya kai mutum ko'ina. Abin yana yi mata zafi, amma ba ta bari ba. Da shi take ciniki, da shi take addu'a.

Wata shekara, ana dab da haƙar doya, wani mai arziki ya zo daga birni da takarda a hannu, ya ce rabin gonar nan nasa ne, har bakin rafi. Dattawa suka taru a gonar, suka ce 'ya'yan su nuna inda iyakar ubansu ta tsaya. Babban ya nuna nan, ƙaramin ya nuna can. Baƙon ya yi murmushi.

Sai gwauruwar ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce, “Iyayena, ni ban iya karanta takarda ba. Amma ranar da aka kawo ni gidan nan, uwar mijina ta zaga da ni gonar nan tana waƙa. Ku biyo ni.”

Ta shiga gaba tana rerawa da Ulukwumi, kanta a ɗage. Ashe waƙar sunayen wurare ce, ɗaya bayan ɗaya. Ta ambaci tsohon itacen goro, suka gan shi. Ta ambaci dutsen da ya tsage biyu, suka sare ciyawa suka same shi. Da ta kai baiti na ƙarshe ta tsaya a wani fili da babu alamar komai, ta ce waƙar ta kira wurin nan makwancin tukwane uku. Wani dattijo da ya daɗe bai ji waƙar ba ya kama amshi. Aka kawo fartanya aka haƙa, sai ga tukwane uku a kife, inda kakanni suka binne su shaidar iyaka.

Baƙon ya naɗe takardarsa ya tafi. Babban ɗan ya durƙusa a tsakanin kunyoyin doya, ya ce, “Mama, sake rerawa a hankali. Zan bi bakinki.” Ta sake, yana tuntuɓe a kan kalmomin, tana gyara masa.

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar ita ce gadon da Allah ya ba kowace al'umma, waƙar kuwa harshen da uwa ta raine mu da shi. Allah ne ya yi harsuna duka, babu wanda ya yi ƙanƙanta a kunnensa. 'Ya'yan su ne mu, duk lokacin da muka ji kunyar yarenmu, har muka kasa gaya wa 'ya'yanmu wane ne Yesu da kalmomin gida. Bangaskiyar da aka ajiye cikin bakin aro kaɗai, ran da mai ƙwace ya zo, da wuya ta tsaya.

Saboda haka mu yi addu'a domin 'yan'uwanmu na Ulukwumi, su ji Maganar Allah da harshen da suke kuka da dariya da shi, su yi masa sujada da shi ba tare da kunya ba. Kai kuma, da ka koma gida yau, ka tara iyalinka, ka yi addu'ar cin abinci da harshen mahaifiyarka.