Jatau da Rawanin Sarkin Marina

An ce wai a wani gari da ya yi suna wajen rini, Sarkin Marina ya rasu, mutum biyu suka fito neman rawaninsa. Ɗaya Shekarau ne, wanda ya shekara talatin yana rini a bakin rijiyar baba, ba ya da yawan magana. Ɗayan kuwa Jatau ne, attajirin tufafi, wanda in zai wuce ta karofi, inda rijiyoyin rini suke, sai ya toshe hanci, don warin baba da toka na tayar masa da zuciya.

Amma Jatau na son rawanin nan kamar ransa. Sai ya sayi shuni a kasuwa, ya kwaɓa, ya yi kwana uku yana shafe hannuwa har gwiwar hannu. Ran da suka je fada ya baje hannuwan gaban Sarkin garin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shaidata. Dubi na Shekarau mana, ko rabin baƙin nawa ba su kai ba."

Sarki ya dubi hannuwan, ya yi murmushi, ya ce, "Lalle hannu ya yi shaida. Saura mu ji ta bakin rijiya. Gobe da hantsi mu haɗu a karofi."

Da gari ya hallara aka miƙa wa Jatau farin ƙyalle. Ya danne numfashi, ya tsoma, ya cuɗa yadda ya ji ana faɗa, ya ɗago. Sai ga ƙyalle kore shar kamar ganyen rama! Ya yi maza ya mayar. Ya sake ɗagowa, kore. Ya kuma dannawa har gemunsa na taɓa ruwan. Bawan Allah bai san haka baba yake ba: kore yake fitowa, sai ya sha iska yake komawa shuɗi.

Ya ɗaga murya ya ce, "An yi wa rijiyar nan asiri! Wallahi da hannun Shekarau a ciki!"

Sarki ya ce, "Wannan zargi ne mai nauyi, ba a yanke shi sai da hujja. Ɗaga ƙyallen sama kowa ya gani, ka dube ni, ka zayyana ƙararka daga farko. Kada ka rage komai."

Abin nema ya samu, don Jatau gwanin zance ne. Ya ɗaga ƙyalle bisa kai, ya faro tun daga kakansa, wai shi ya haƙa rijiyar farko a garin. Yana zuba, iska na aikinta. Marina suka fara ƙyaƙyatawa, shi kuwa ya ɗauka Shekarau ake wa dariya, ya ƙara ƙaimi. Ya rufe da cewa, "Duk mai ido ya ga koren nan!"

Sarki ya ce, "Wane koren?"

Jatau ya sauke hannu, ya ga shuɗi, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Shekarau ya ce a hankali, "Ya yi kyau, Alhaji. Saura tsomi bakwai, kana shanyawa."

Nan take aka naɗa Shekarau. Sarki ya waiwayi Jatau, ya ce, "Je ka wanke hannu. Sana'a takan bar alama a fata, amma ba a fata take zama ba. Wanda ya ari alamarta, ita da kanta za ta tona shi."