Lambar Da Yahuza Ya Buɗe Don Malam Talha

Akwai wani matashi a unguwar Takur mai suna Yahuza, shugaban wata ƙungiyar taimakon marasa lafiya. Yana da tausayi, amma ba ya jin shawara.

Malam Talha na Kiyawa, wanda ya koya masa Alƙur'ani tun yana ƙarami, ya kwanta da ciwon ƙoda. Yahuza ya je dubiya, ya ce wa matar Malam, Ruwaida, kuɗin wankin ƙoda ya dawo wuyansa.

Wani kamfani ya ba shi gajeriyar lambar waya. Duk wanda ya tura saƙo, za a ciri sadakarsa daga katin wayarsa. Hajiya Adawiyya, uwar ƙungiyar, ta tare shi.

"Yahuza, kamfanin nan yana da lasisin hukumar sadarwa kuwa? Ka bincika?"

"Hajiya, Malam yana kwance, ni kuma in tsaya binciken lasisi?"

"To, mu fara bin masallatai da kasuwa kafin mu tabbatar."

Ya ce wannan tsohon yayi ne. Washegari ya shiga rediyo ya sanar da lambar.

Jama'a suka amsa. Masu adaidaita, matan unguwar Yalwawa, tsofaffin ɗaliban Malam, kowa ya tura. Ganin haka, Ruwaida ta hana ƙanin Malam sayar da gonarsu da ya yi niyyar yi don kuɗin wankin ƙodar.

Ana cikin haka aka rufe lambar. Ashe kamfanin ba shi da lasisi. Aka riƙe duk abin da aka tara sai an gama bincike.

Yahuza ya koma masallatan da ya raina. Inda duk ya je sai a ce, "Ai mun bayar ta waya." Kuma gaskiyarsu ce.

Dole aka sa gonar a kasuwa, amma kafin ta samu mai saye, jikin Malam ya rikice. Ranar wata Laraba Allah ya karɓi abinsa.

Yahuza ya zo gaisuwa ya kasa wuce zaure. Ruwaida ta sa aka shigo da shi, ta yi magana daga bayan labule.

"Ban gaya wa Malam an rufe lambar ba. Kullum cewa yake ɗana Yahuza yana hanya. Yana sa maka albarka ya cika."

Yahuza ya durƙushe a ƙofar ɗakin yana kuka.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan dukiyar jama'a da ran mutum suna hannunka. Kafin ka buɗe lambar neman taimako, tabbatar da lasisi, ka saurari manya. Ku tura wannan labari ga duk mai ƙungiyar agaji da kuka sani.