Ɗakin da Aka Kwance wa Ƙofa

Akwai wata ɗaliba mai koyon aikin jinya, kowa Nas yake ce mata tun ba ta iya riƙe allura ba. Ba ta samu gado a makaranta ba, sai ta kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa da ake kira Gwaggo. Ranar tarewa ta yi zancen takardar yarjejeniya, Gwaggo ta riƙe baki ta ce ina aka taɓa yin takarda tsakanin uwa da 'ya? Kunya ta kama Nas, ta bar maganar.

Ashe zama 'yar gida aiki ne ja. Wanke-wanke ita, kai jikoki makaranta ita, awon hawan jinin Gwaggo ita, ga haya tana biya ba fashi. Tana cikin wannan haƙuri ta faɗi jarrabawar fita. Makaranta ta ba ta dama guda ta sake, in ta kuma faɗi sai gida.

Da jarrabawar ta matso, ta durƙusa ta roƙi Gwaggo ta ɗaga mata ƙafa da aikin gida, ta fara rufe ɗakinta tana karatu. Rufe ƙofar nan shi ne laifinta. Gwaggo ta ce ba a kulle mata ɗaki a gidanta, wanda ya ƙoshi da zama ya kama gabansa.

Wata rana Nas ta dawo daga makaranta ta tarar da ɗakin a hangame. An kira kafinta ya kwance ƙofar, an jingine ta a bayan ɗakin girki. Katifarta, akwatinta, har kayan da mace ba ta so a gani, duk mai wucewa sai ya leƙa. Ga samarin gidan suna ta kai da kawowa a tsakar gida.

Ta rataya zane a bakin ɗakin, iska ta riƙa ɗage shi. Sauya kaya ya gagara, barci ya gagara, layi ɗaya na littafi za ta yi ta maimaitawa ya ƙi zama. Ta zaga unguwa neman wani ɗakin, amma tsakiyar zangon karatu wa zai ba ka? Ta kira mahaifiyarta tana kuka, uwar ma kukan ta sa, ta ce ta je ta ba da haƙuri. Ta je ta bayar. Gwaggo ta ce ƙofarta ce, da kuɗin mijinta aka saya.

Abin da ya fi ƙona min rai, yarinyar nan ta ɗauka ba ta da bakin magana tunda ba takarda. Har ta fara haɗa kaya za ta haƙura da karatun, sai ƙawarta ta ja ta zuwa ofishin da ke ba ɗalibai shawarar shari'a kyauta.

Lauyar da suka tarar ta saurare ta tsaf, sannan ta ce, "Tunda kina biya, ke 'yar haya ce, da takarda ko babu. In tana so ki tashi sai ta ba ki wa'adi, ba ta cire miki ƙofa ba."

Washegari lauyar ta zo gidan da kanta. Gwaggo ta fara cika baki, amma da aka nuna mata cikin ladabi cewa maganar tana iya kaiwa kotu, sai jikinta ya yi sanyi. Lauya ta tambayi Nas ko a shigar da ƙara.

"A'a," in ji Nas. "Ƙofata kawai nake so. Jarrabawa ce a gabana."

Aka nemo kafinta, ya ce sai an riƙe masa ƙofar kafin ya ɗaura. Samarin gidan duk sun sulale. Nas ta yunƙura za ta tashi kamar yadda ta saba, lauya ta kama hannunta ta zaunar da ita. Haka Gwaggo ta tsaya rungume da ƙofar nan, gumi na tsiyaya, har aka ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Nas ta shiga, ta rufe, ta buɗe littafinta. Kuma ta ci jarrabawar.

Darasi: Kunya ba ta tsare haƙƙi. Ɗalibin da ke biyan haya ba alfarma ake masa ba, ya nemi takarda tun ranar farko, in an zalunce shi ya tambayi masana doka. Mai gida kuma ya ji tsoron Allah da 'ya'yan mutane. Ku tura wa duk wanda ɗansa ke zaman haya a gidan wani.