Kaset ɗin Malam Inusa

Yazid ma'aikaci ne a wani shagon buga takardu a unguwar Treichville. Mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi haƙuri ba. Ko gbaka, motar haya, ya shiga, kafin motar ta cika ya sauka ya kama tafiya da ƙafa.

Mahaifinsa, Malam Inusa, ya shekara ashirin yana tafsirin azumi da Hausa a unguwar Bracodi, ɗalibansa suna ɗauka a kaset. Da ya rasu, Yazid ya juye su duka a kwamfutarsa, ya ce wa mahaifiyarsa Delu, "Inna, waɗannan kaset ɗin sai poubelle, a kai su shara. Komai yana cikin ordinateur." Ta ce to.

Saura kwana uku sadakar arba'in, Yazid ya so a sa wa jama'a karatun Malam, amma muryar cike take da ƙara. Sai ya ga wani baƙo ya tura manhajar gyaran sauti a wani zauren WhatsApp, a dunƙule cikin fayil ɗin zip.

Ƙanwarsa Laila ta leƙo ta ce, "Yaya, ka san mutumin nan? Zip fa ƙulli ne, ba ka ganin abin da ke ciki sai ka kwance."

"C'est gratuit, kyauta ne, Laila, bar ni!"

Ya kwance. A ciki akwai 'yar takarda da ta ce ya fara kashe manhajar tsaron kwamfutarsa. Ko wannan bai sa ya tsaya ba. Ya kashe, ya latsa. Kafin la'asar duk fayilolinsa sun kulle, har da tafsirin. Masu gyara biyu ya kai wa, kowanne ya girgiza kai ya ce masa yako, wato sannu.

Da ƙyar ya ja ƙafa zuwa gidansu a unguwar Adjamé Liberté, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Inna, na ɓatar da muryar Baba," ya ce, hawaye na zuba.

Delu ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta jawo wata tsohuwar tukunya daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Ga kaset ɗin nan a jere, an naɗe su da rawanin Malam.

"Kai ka ce in zubar," in ji ta. "Ni kuma muryar mijina ce. Da wane hannu zan kai ta shara?"

Ranar sadaka da tsohuwar rediyo aka sa karatun, da ƙararsa da komai, babu wanda ya yi ƙorafi. Yazid kuwa godiya yake ta yi har bakinsa ya bushe.

Darasi: kada ka buɗe zip ɗin da ba ka san tushensa ba, ka nemi manhaja a shafin masu ita. Duk fayil ɗin da ya ce ka kashe tsaronka, ɓarawo ne. Abin da ba ka da madadinsa kuma ka ajiye shi wuri biyu, domin ba kowa ke da uwa irin Delu ba.