Tudun Raɓa, Garin da Labari Ke Tsallakewa

Dalilin da ya sa mutanen Tudun Raɓa suke zaune a gindin dogon ƙarfen rediyo amma su ne na ƙarshen jin labari, ku matso in faɗa muku, yara. Kai mai dariya, har da kakanka a cikin zancen, gara ka yi shiru.

A da, duk saman dutsen nan namu babu rediyon da ke kamawa. Ciyawa ce shimfiɗe iya ganinka, sai shanu, sai sanyi mai shiga ƙashi. Labari da ƙafa yake hawowa, kafin ya iso ya tsufa. Manyan garuruwa biyu ne a saman dutsen: Tudun Raɓa na Dagaci Jatau, da Rafin Gora na Dagaci Maikano. Hukuma kuwa ta daɗe tana cewa za ta ɗaga ɗayansu ya zama hakimi. Jatau yana son sarautar nan kamar ransa, har rawanin naɗi ya saya ya ɓoye a ƙasan adaka.

Ana nan sai ga ma'aikata sun hawo, wai za su kafa ƙarfen da zai watsa rediyo da talabijin ga duk yankin. Suka zaɓi wani tsauni da ba kowa. Jatau ya ji, ya ce ina, ba za ta saɓu ba. A lissafinsa magana kamar ruwan indararo take, wanda ke gindi shi ke tarar na fari. Kuma garin da ke da ƙarfe ai shi za a ba hakimi.

Ya kira shugaban ma'aikatan, Injiniya Sadau, ya yanka masa rago, ya nuna masa fili a bayan gidansa.

Sadau ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin ya yi tudu, zai yi. Sai dai ƙarfen nan nesa yake jefa magana. Wanda ke gindinsa..."

Jatau ya katse shi. "Yaro, kai boko ka karanta, ni duniya na karanta. Ci namanka."

Sadau ya ci namansa. Aka kafa ƙarfe, ya yi ta tashi har kansa ya shige gajimare, aka ɗaure shi da igiyoyin waya ta kowane gefe.

Ranar buɗewa Jatau ya tara gari, ya kafa doka. "Daga yau ni ne mafarin labari. Duk wanda ya kuskura ya ce mini 'ka ji?' zai kwashe kashin shanuna har damina ta fita."

Aka kunna rediyo. Rediyo ya ce shiiii. Aka murɗa, ya sake cewa shiiii. Aka kunna talabijin, sai tsaki-tsaki kamar an watsa acca a faifai. Zufa ta karyo wa Jatau duk da sanyin nan.

Sai Sarkin Fada Ɗan'iro ya gyara murya. "Allah ya ja zamaninka, ai labarin ne bai huce ba. Kamar kunu yake. Nan da zafinsa yake saukowa, sai manya ke iya kurɓa. Sai ya yi nisa yake hucewa, talaka ya sha."

Jatau ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Haka yake. Ni kam ina ji sarai."

To, wa zai ce shi ba babba ba ne? Daga ranar kullum da hantsi fadawa su kewaye rediyo suna gyaɗa kai. In Jatau ya ce "ashsha," su ce "ashsha." In ya yi murmushi, su faɗi da dariya. Abin yana ba ni haushi har yau, dattawa da gemunsu suna sauraron iska.

Can sai hukuma ta ba da sanarwa a rediyo: dagatan nan biyu su sauko birni ranar Alhamis, wanda bai zo ba an ɗauka ya janye. Aka yi ta maimaitawa safe da yamma. Rafin Gora ta ji. Makiyaya a rugage masu nisa sun ji. Mutanen Jatau da suka je cin kasuwa ma sun ji, amma kowa ya tuna kashin shanu ya kama bakinsa. Ban da haka, ai Dagaci ya riga kowa ji.

Uwargidansa Gambo ce kaɗai ta ɗan taɓa zancen. "Maigida, ba za a wanke babbar riga ba?"

"Rigar me? Salla ta zo ne?"

Ta ce a ranta sirrin manya ne, ta koma madafa.

Ranar Juma'a sai ga Dudu, wata Bafulatana mai tallar nono daga ruga mai nisa, wadda ba ta san da wata doka ba. Ta sauke ƙwaryarta a ƙofar fada ta durƙusa.

"Sannu da haƙuri, Dagaci. Kai kam akwai zuciya. Ka bar wa Maikano hakimci ko gardama babu!"

Jatau ya miƙe har hularsa ta faɗi. "Wane hakimci? Wa ya faɗa miki?"

"Rediyo mana. Kwana da kwanaki ana kiran sunanka. Jiya aka naɗa shi."

Jatau ya juya kan Ɗan'iro. "Kai ba ka ji ba?"

Ɗan'iro ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ni abin da ka ji shi na ji."

Jatau ya yi kuka wiwi, ban ɓoye muku ba. Da ya share hawaye ya ce a tumɓuke ƙarfen nan yau-yau. Aka ce sai da izinin hakimi. Haka ya sa ƙafa ya tafi Rafin Gora, ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa gaban Maikano, ya roƙa.

Maikano ya ce, "Haba Dagaci, a tumɓuke kuma? Mu nan tangaram muke ji. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Ka ci gaba da kula mana da shi, kada awaki su ci igiyoyin."

Shi ya sa har yau in mutumin Tudun Raɓa yana son jin labarai, sai ya rataya rediyonsa ya yi tattaki har ya daina hango garinsu. Kuma in ka haɗu da shi a hanya ka ce masa "ka ji?", kada ka yi mamaki in ya waiwaya tukuna kafin ya amsa.