Heath Zammit da Wasa na Ɗari

Akwai wani ɗan ƙwallo a yammacin birnin Melbourne mai suna Heath Zammit, irin ƙwallon can da ake cafewa da hannu a buga ta tsakanin dogayen sanduna. Shekararsa goma sha ɗaya yana buga wa ƙungiyar Saltwater, amma ko yaran layinsu ba sa sayen riga mai lambarsa. Irin 'yan wasan nan ne da ake sa su manne wa gwanin abokan hamayya, su hana shi sakat har a tashi. Aiki ne na shan gwiwar hannu a haƙarƙari, babu tafi. Wannan makon yana ciki, mako mai zuwa an ajiye shi. A haka, da jan ciki, ya haɗa wasa casa'in da tara.

To, a wurinmu nan, ɗari ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya cika wasa ɗari, ana rubuta sunansa da fenti a ƙofar kabad ɗinsa na ɗakin canza kaya, kuma ba a gogewa. Sannan in yana da ɗa namiji, ranar da yaron ya isa shiga manyan wasanni, ƙungiyar uban ce ke da haƙƙin fara ɗaukarsa. Heath kuwa ɗansa ɗaya, Jett, ɗan shekara shida.

Tun watan da ya wuce koci ya faɗa masa gaskiya cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe. Kuma wasa ɗaya ya rage a kakar, ranar Asabar.

Ranar Alhamis da yamma aka fitar da sunayen waɗanda za su buga. Sunansa na ciki.

Abin da babu wanda ya lura da shi, da safiyar ranar a wajen atisaye, Heath ya yi tsalle zai cafe ƙwallo, gwiwar wani ta same shi a ƙeya. Ya ga wuta ta gilma. Ya miƙe da sauri, ya ƙaƙalo dariya, ya ci gaba da gudu. Ya san dokar sarai: duk wanda likita ta tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, sai ya yi kwana goma sha biyu bai taka fili ba.

Da almuru mahaifinsa, tsoho Lou, ya iso da tire cike da fastizi, ɗan burodin cuku irin na mutanen Malta. Shekara talatin Lou ya yi yana yagar tikiti a ƙofar filin Saltwater, kuma tun ranar da aka haifi Heath yake jiran wannan Asabar ɗin. Ya riga ya sanar da limamin cocinsu, da mai aski, da duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a jirgin ƙasa.

Heath ya ci loma biyu ya ture. Ya tashi ya kashe fitilar kicin, ya ce ta cika haske. Matarsa Tegan ta zuba masa ido.

Da safiyar Juma'a, bayan an kai Jett makaranta, ta tare shi a bakin ƙofa. Lou, da ya leƙo tun da sassafe, na zaune yana shan shayi.

"Heath, me ya sami kanka?"

"Kaina kuma? Lafiyata ƙalau."

"Jiya sau uku ka tambaye ni ko na ba kare abinci."

"To laifi ne?"

"Ba mu da kare, Heath. Da hannunka ka binne shi tun bikin Ista."

Sai Heath ya zauna, ya faɗa musu abin da ya faru.

Lou ya dire kofi. "Wa ya gani?"

"Babu kowa, Baba."

"To shi ke nan, babu abin da ya faru. Kai yaro, a zamaninmu mutum zai suma a fili, a watsa masa ruwa, a nuna masa inda sanduna suke ya koma. Awa biyu ne fa kacal. Ka daure ka rufe bakinka, ranar Litinin in ka so ka kwanta wata guda."

"Baba, ku yi haƙuri," in ji Tegan, "amma abokan naku na zamaninku, nawa ne ke gane matansu yau?"

"Ke 'yar nan, gadon Jett ake magana."

"Jett bai san wani gado ba. Ubansa ya sani."

Heath ya ɗauki jakarsa ya fita, bai kalli kowa ba.

Ya yi kusan rabin awa a cikin mota a harabar ƙungiya, injin a kashe. Kan na sara masa kamar ana buga guduma a ɗaki na kusa. Tsoro biyu ne suka saka shi a tsakiya: na ya yi magana, da na ya yi shiru. Da ya shiga, ya tsaya gaban kabad ɗinsa mai lamba talatin da takwas. Sunaye biyu ne a jiki, ƙasansu kuma ga fili fetal, daidai tsawon sunansa. Ya shafa wurin da yatsa.

Daga nan ya wuce ɗakin likitar ƙungiya, Dakta Moira Keane, ya ƙwanƙwasa.

"Likita, ina da magana."

Ta faɗa masa kalmomi biyar ta ce ya riƙe. Ta sa shi ya jero watanni daga ƙarshe zuwa farko, ya maƙale a Satumba. Ta ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya rufe ido, sai da ta tallabe shi. Da ta nemi kalmomin nan biyar, biyu ya kawo, ɗaya ma ba ta ciki.

Ta ajiye biro. "Ka san abin da wannan ke nufi ko?"

"Na sani."

"Da ka yi shiru, ba na jin zan gane."

"Shi ma na sani, Likita."

Ta sa masa ranar Litinin ya je a ɗauki hoton kan, ta ce in ya yi amai ko ciwon ya ƙaru, a wuce da shi asibiti nan take.

Koci ya zo ya dafa kafaɗarsa. Ya ce akwai 'yar ƙofa guda. In Saltwater ta samu shiga cikin ƙungiyoyi takwas na sama, akwai hutun mako guda kafin wasannin neman kofi, kwana goma sha biyun za su cika. "In mun shiga, na yi maka alkawari kana ciki."

Amma fa sai abu uku sun haɗu: ƙungiyar Port Lawson ta sha kashi a daren Juma'ar, Saltwater ta ci ranar Asabar, sannan ƙungiyar Eastbrook ta faɗi ranar Lahadi. Ɗaya ya kuce, an gama.

Lou da ya ji, kashe wayarsa ya yi.

Da daren Juma'a Heath ya kwanta a ɗaki, labule a sake, rediyo a kan ƙirji, don an hana shi kallon talabijin. Duk ihun da mai sharhi ya yi sai ya matso da rediyon kusa da kunne. Port Lawson ta faɗi da maki tara. Saura biyu.

Ranar Asabar Tegan ta ɗauki Jett suka tafi fili, shi kuwa ya zauna gida shi kaɗai. Ya ji lokacin da 'yan wasan suka keta ƙaton tutar takarda da magoya baya ke ɗagawa a bakin fili. Ya san tun farkon mako an liƙa sunansa da lamba ɗari a jikinta, ya kuma san an ɓamɓare jiya. Nan ya yi kuka sosai, irin wanda namiji ke yi in ya tabbatar babu kowa a gida.

Saltwater ta ci da maki ashirin da biyu. Saura ɗaya.

Ranar Lahadi da azahar sai ga Lou a ƙofa, fuska a murtuke, wuya naɗe da gyalen ƙungiyar da ke karawa da Eastbrook. Ƙungiyar da ya shekara hamsin yana zagi kenan.

"Kada wanda ya yi min magana," ya ce. "Aro na yi. Kuma na kunna musu kyandir a coci, Allah ya yafe min."

Ya zauna gaban talabijin, Heath kuma ya juya wa allon baya yana saurare. Ku da ba ku taɓa jiran sakamakon wasan wasu ba, ba ku san azaba ba. Babu abin da za ka iya, sai dai ka matse hannun kujera kana roƙon mutanen da ba su san kana duniya ba.

Aka shiga zango na huɗu, na ƙarshe, Eastbrook na baya da maki goma sha shida. Ta rage zuwa goma. Ta rage zuwa huɗu. Tegan ta tashi ta tsaya a bakin kicin, ta ce ba za ta iya zama ba.

"Saura nawa, Baba?" in ji Heath.

"Daƙiƙa ashirin. Ku fitar da ƙwallon waje mana, 'yan banza! Waje!"

Sai aka ɗaga ƙwallo sama, wani dogon ɗan Eastbrook ya taka kafaɗar mutane ya cafe ta. Kafin ya sauko ƙasa jiniyar tashi ta yi kuka.

Amma wanda ya cafe kafin jiniya, dole a bar shi ya buga bugunsa. Taku arba'in tsakaninsa da sanduna. In ta bi tsakiya maki shida ne, Eastbrook ta ci. In ta kauce gefe maki ɗaya ne, Heath ya samu wasansa.

Ɗan Eastbrook ɗin ya goge hannu a wando, ya taho a hankali, ya saki ƙafa.

Ba sai an faɗa masa ba. Ya ji ihun filin, ya kuma ji tsohon ya sauke numfashi. Alƙalin sanduna ya kaɗa tutoci biyu, alamar maki shida.

Casa'in da tara kenan, har abada.

Lou ya warware gyalen ya jefar. "Ka gani ko? Da ka ji maganata..."

Bai ƙarasa ba. Heath ya miƙe zai bar falon, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya durƙusa ya fara amai a kan kafet. Ya ɗago yana kallon uban kamar bai san shi ba.

Lou ne ya ja motar zuwa asibiti. Tegan ta ce ba ta taɓa ganin tsohon ya yi gudu irin na ranar ba.

Hoto ya nuna wata ƙaramar jijiya ta tsage a cikin ƙoƙon kan, tun ranar Alhamis take ɗigar jini kaɗan-kaɗan. Aka shiga da shi aka tsayar da jinin. Washegari likitan da ya yi aikin ya fito ya same su.

"An ce ɗan ƙwallo ne. Ya buga wasa bayan bugun da ya sha?"

"A'a," in ji Tegan. "Shi ya kai kansa wurin likita."

"To ku gode masa. Da ya shiga fili shekaranjiya, karo ɗaya ya isa. Ba na jin da an iso da shi nan."

Lou ya lalubi bango ya zauna. Can aka ba su izinin shiga. Da ya ga ɗan nasa kwance, kai naɗe da bandeji, sai ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ni na ce ka yi shiru," ya ce. "Ni, ubanka."

"Ya wuce, Baba."

"Bai wuce ba. Da ka bi maganata, da sunanka zan je ina karantawa a jikin katako, ni da marayanka."

Bayan mako biyu aka sallamo Heath. Da suka iso gida, Lou ya ce kafin ya shiga ɗaki ya leƙa gareji. A can akwai wani tsohon kabad na ƙarfe da ake zuba kayan aiki. An wanke shi, an shafa masa launin Saltwater. A ƙofarsa, da rubutun tsoho mai karkacewa, fenti har yana zuba, an sa: H. ZAMMIT, 99.

Jett ya karanta da ƙarfi, sannan ya ja rigar kakansa. "Kaka, ba ɗari ake rubutawa ba?"

"A can ƙungiya ne sai ɗari," in ji Lou, yana share ido da bayan hannu. "A gidan nan, wanda ya dawo da ƙafarsa ake rubutawa."

Darasi: Kada burin da ka daɗe kana bi ya sa ka ɓoye gaskiyar lafiyarka, ko da saura taku ɗaya ka isa, ko da mai ce maka ka daure masoyinka ne. Heath ya faɗi gaskiya ya rasa wasa ɗaya, amma shi ke kai ɗansa makaranta har yau. In kana da wani mai ɓoye ciwo don gudun rasa aiki ko matsayi, tura masa wannan labari tun yau, kuma ku yaɗa shi ga sauran 'yan uwa.