Addu'ar da Doreen Ta Hana Mahaifiyarta

Akwai wata 'yar wasan kwaikwayo a Landan mai suna Doreen Thackray. 'Yar garin Hull ce. Mahaifiyarta, Beryl, a shagon soya kifi da dankali ta ƙare ƙuruciyarta, da wannan sana'ar ta reni Doreen da ƙaninta Keith.

'Yan wasan dandamali suna da wani camfi. Ba a yi wa mutum fatan sa'a kafin a ɗaga labule a fara wasa, wai tsiya yake jawowa. Sai dai a ce masa, "Ƙafarka ta karye."

Beryl ba ta san da wannan ba. Ranar da aka fara ba Doreen babban matsayi, ta hau jirgin ƙasa ta zo, ta rungume ta a gaban kowa ta ce, "Allah ya ba da sa'a, 'yata!"

Aka kuwa yi rashin dace, a tsakiyar wasa maganar da Doreen ta haddace ta ɓace mata, ta tsaya ƙiƙam mutane suna kallo.

Da ta fito ta ce, "Mama, kin ga abin da bakinki ya ja min?"

"Addu'a fa na yi miki, 'yar nan."

"To ki riƙe addu'arki."

Daga nan ta kafa doka. Ta ce wa Pauline, matar da ke shirya mata kayan wasa, "In lokacin shiri ya yi, wayata tana hannunki. Ko wa ya kira, sai an sauke labule. Musamman Mama."

Pauline ta ce, "Uwar da ta haife ki? To, ranki ya daɗe, sarauniya."

Shekaru suka shuɗe. Doreen ta yi suna, ta shiga fim da talabijin. Beryl kuwa duk Asabar sai ta kira kafin wasan rana, ba a ɗauka, ta bar saƙon murya. Doreen takan ce za ta saurara anjima. Anjiman ba ya zuwa.

Wata Asabar wayar ta yi ta ruri. Pauline ta ce, "Mamanki ce, ga Keith ma yana ta kira. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ki ɗauka mana. Ko tafiya ce ta kama, ai akwai wadda ta haddace matsayinki."

Doreen tana shafa hoda ta ce, "In bar wa waccan yarinyar dandamalina? Ajiye wayar."

Ta yi wasan rana, ta zarce na yamma, aka yi mata tafi har da miƙewa tsaye. Sannan ta kira Keith.

Ya ce, "An gama tafin? To Mama ta rasu ɗazu. Tun safe take asibiti, idonta a ƙofa. Da kin ɗauka da rana, da jirgi ya kawo ki kin same ta."

Doreen ta zauna a ƙasa da rigar wasa a jikinta. Ta buɗe saƙon ƙarshe. Muryar tsohuwar ce, numfashi sama-sama.

"Doreen, ni ce. Kada ki ji tsoro, ba zan ɓata miki wasa ba. Keith ya koya min abin da kuke faɗa, na yi ta gwadawa a kicin. Amma bakina ya ƙi. Ƙafar da na koya wa tafiya, ta yaya zan ce ta karye? Ki yi haƙuri da ni. Allah ya ba da sa'a, 'yata."

Doreen tana wasa har yanzu, gashinta ya yi fari. Kafin a ɗaga labule takan kunna saƙon nan, sauran 'yan wasa suna toshe kunne saboda camfi. Ita kuwa takan amsa da "Amin, Mama," ga wayar da ba za ta ƙara kira ba.

Darasi: Addu'ar uwa ba ta jawo tsiya, ko da ba ta iya faɗarta yadda wayayyu suke so ba. Aiki yana da mai maye gurbi, uwa ba ta da shi. 'Ya'yana, in wayarta ta shigo ku ɗauka, ba ku san wace ce ta ƙarshe ba. Don Allah ku tura wa wasu, musamman waɗanda ke nesa da gida.